Ƙofa a Jikin Katanga

Ƙarfe biyun dare a Jidda.
A waje teku na huci, gumi na bin bango.
Nan ƙarƙashin banki, ɗakin da ba taga,
sanyi ya sa na cusa hannu a hammata,
babbar na'ura na gurnani kamar saniya mai tuƙa.

A cikinta kowane aiki da gidansa,
katanga ta kewaye, ba mai leƙa tukunyar wani.
Aka ce: Haladu, huda mana ƙofa
tsakanin gidan ajiya da gidajen masu tambaya,
ƙofar da ɓarawo ba zai gane ba,
kuma kada katangar ta faɗo mana.

Ni na san irin wannan ƙofa.
A Mai Wurno naffaj muke ce mata,
'yar tsukukar kafa bayan rumbu,
tsakanin Inna Tabawa da Sittana.
Ni ake aika da kasko in ɗebo wuta.
Dokar Inna uku ce:
yi sallama, ɗauki abin da aka aike ka,
komo ta inda ka shiga.

Sai na fara, layi bisa layi,
da harshen da na'ura ke ji ba tafinta.
AXSET tukuna, a ɗaura mini rawanin izini.
LXRES, a ware mini gurbi a jerin ƙofofi.
ETCRE ta sassaƙa allon mashiga:
wa zai shigo, da wane mabuɗi,
a kan wace tabarma zai tsaya.
ETCON ta rataye allon a gurbinsa.
PC ce sallama, PR ce sai an jima.
Na karanta sau uku. Na yi bisimilla, na danna.

Ta faɗi.
Ba kuka, ba ƙara,
sai takardun gawa, lambobi shafi ɗari huɗu,
sun zubo a fuskar allo kamar tururuwa.

Na bi su har idona ya yi yaji.
Baƙo ya shigo lafiya, ya miƙo adireshin saƙonsa,
na je wurin, na tarar da shara.

Babikir ya taso da kofin shayinsa,
tsohon da ya girmi rabin wayoyin ɗakin nan.
Bai zauna ba. Ya ɗora yatsa a layi guda.
Ya ce: Ya zol, lambar da ya ba ka ta gidansa ce,
kai kuwa kana lalube a naka.
Lamba ɗaya, ɗaki daban.
Ƙetare da MVCP ka ɗauko, ka kawo nan.
Ya kurɓa, ya koma kujerarsa.

Na yi shiru fiye da yadda gyaran ke bukata.
Shekara goma sha tara ina cewa gida
a garin nan, ana nuna mini Hayyus Safa,
hawa na uku, ƙofa mai lamba tara.

Na gyara layi biyu. Na sake dannawa.
Saƙo ya ƙetare, amsa ta dawo,
sau dubu, sau dubu goma,
ko garwashi ɗaya bai zube a hanya ba.

Saura rufewa, wadda kowa ke mantawa:
a kwance allo, a rushe shi, a mayar da gurbi,
kada mai gida ya mutu ya bar ƙofa a buɗe
baƙo ya yi sallama ya faɗa kango.
Na rubuta ta a hankali, ta fi buɗewar cin lokaci.

Ladan ya kira assalatu ta bututun iska.
Babikir ya ce mu je mu nemi ful da burodi.
Na ce ina zuwa.
A matakala na kira lambar Sittana.
Tana ta shiga,
tana ta shiga.